Ƙarin Ruwa a Ɗakin Jego

Idan ka shiga Sara ta ƙasar Gwaram ka tambayi gidan Malam Maikuɗi, za a ce maka, "Gidan su Likita?" To wannan Likitar ita ce Munawwara, 'yar yayana, kuma duk lokacin da na ji an kira ta da sunan nan sai raina ya ɓaci. Ni ce gwaggonta Batulu. Aure ne ya kai ni Birnin Kudu, a ɗakina ta zauna lokacin da take neman makarantar koyon aikin jinya da ke jikin asibiti. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani uwarta Hapsatu ce ta faɗa min tana kuka.

Tun tana ƙarama yarinyar nan ba ta da ƙyama. In akuya ta karye ita ce mai ɗauri, in tsohuwa ta ɓata shimfiɗa ita ce mai wanki, ko fuska ba ta yamutsawa. Da ta gama sakandare ta ce ita nas za ta zama. Shekarar farko sakamakonta bai cika ba, ta sake zama. Shekara ta biyu ta ci jarrabawar shiga, aka zo intabiyu suka yi mata tambaya da Turanci, bakinta ya ɗauki rawa, sunanta bai fito ba. Ta dawo ta kwanta ta juya fuska ga bango. Na ce mata, "Tashi, ba a gidana ake zaman makokin mai rai ba." Ta tashi kuwa. Tana tankaɗe tana yi wa rariya Turanci, yarana suna yi mata dariya. A karo na uku aka ɗauke ta.

Shiga ma ba shi ne zama ba. Bayan wata shida akwai jarrabawar da ake tankaɗe ɗalibai, wanda ya faɗi ya kama hanyar gida. Munawwara ta rame har wuyanta ya yi tsawo, amma ta haye. Ranar da aka ɗora musu farar hula a kan hijabi, Yaya Maikuɗi ya zo da babbar rigarsa ta salla, bakinsa har kunne. Ko mai rake a bakin ƙofa sai da ya faɗa wa cewa 'yarsa ta zama likita. Ita kuwa ta ja hannun rigarsa ta ce, "Baba, ɗaliba ce ni. An ja mana kunne, duk wadda ta yi wa wani allura ko ƙarin ruwa a gida, korarta za a yi." Ya ce ya ji. Ina ya ji? Tun daga ranar, duk hutun da ta je, mutanen unguwa na sallama a zaure, mai ciwon kai na son allura, mai kasala na son ruwa. Mutanenmu in ba a rataya musu ledar ruwa ba, gani suke ba a yi magani ba. Tana ba su haƙuri, suna fita suna cewa karatu ya sa mata girman kai.

Tana shekara ta biyu a makarantar, yayarta Nasiha ta zo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji. Aka shiga wankan jego yadda aka saba: tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, ga kunun kanwa kwarya guda. Ni ma haka aka yi min, ban mutu ba, amma ba kowace zuciya ke ɗauka ba. Bayan raɗin suna da 'yan makonni Munawwara ta je hutu, ta tarar da ƙafafun Nasiha sun kumbura suntum, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi da ƙyar.

Ta fito ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, zuciyar Yaya ce ta gaza. Ruwa ne ya taru a jikinta. A kai ta asibiti yau."

Mijin Nasiha, Safiyanu, yana zaune a gefen tabarma. Ya ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma shi abin da ya gani rashin ƙarfi ne, ba ta cin abinci. Ya hau babur ya tafi kemis, ya dawo da ledar ruwa biyu da allurarsu, ya dire a gabanta. Ya ce, "Ga shi, Likita. A nuna mana karatun."

Ta ce, "Yaya Safiyanu, wanda ruwa ya yi wa yawa ba a ƙara masa ruwa. Kashe ta zai yi."

Yaya Maikuɗi ya ji an musa wa surukinsa a gabansa, kunya ta kama shi, kunyar ta koma faɗa. Ya ce ashe abin da mutane ke faɗa gaskiya ne, ta fi ƙarfin kowa. Ta yi wa baƙi hidima a asibiti, 'yar uwarta kuwa ta zuba mata ido? Hapsatu ta sa baki, ya daka mata tsawa ta koma ɗaki. Sannan ya dubi yarinyar ya ce, "In ba ki saka mata ruwan nan ba, ban yafe miki ba, duniya da lahira."

Wace 'ya ce za ta ji wannan daga bakin uba ta tsaya? Ta shiga tana hawaye ta nemi jijiya, ta rataya ledar a ƙusar bango. Amma ta yi dabara. Ta matse makunnin da ke jikin robar har sai da ruwan ya koma ɗigo ɗaya, a daɗe, sannan wani ɗigon. Ta roƙe su kada kowa ya taɓa, ta zari hijabi ta fita bakin titi neman mota, don ta ƙudura ko ana so ko ba a so sai an tafi asibiti.

Ranar kasuwa ce, motoci duk a cike, ta daɗe. Safiyanu ya zauna yana kallon ledar, ya ga ba ta raguwa. Ya ce yarinyar nan mugunta take yi, a kemis cikin ɗan lokaci ake shanye leda. Ya miƙe ya murza makunnin ya sake shi gaba ɗaya. Ledar ta ƙare, ya zare ya soka ta biyu. Yaya Maikuɗi na tsaye a bakin ƙofa yana kallo, Hapsatu na bayansa. Ko da Munawwara ta dawo da mota, Nasiha na kumfa ta baki. Ba su kai Birnin Kudu da ita da rai ba.

Kafin sadakar uku magana ta zaga gari, dangin Safiyanu suka fara tambayarsa me ya hana shi kai matarsa asibiti. Sai mutumin nan, Allah ya isa, ya wanke ƙafa ya zo har makaranta ya ce ɗalibarsu ta kashe masa mata da ƙarin ruwa.

Aka kafa kwamiti, aka kira uba da Safiyanu, ni kuma na bi su a matsayin mai riƙonta. Ba zan ga laifin makaranta ba. Shugabar kwamitin, wata dattijuwar nas, ta saurari Munawwara har ta gama, ta faɗi yadda ubanta ya ce ba zai yafe mata ba, ta faɗi yadda ta matse ruwan. Matar ta ce saka ruwan laifi ne, amma in an tabbatar tilasta ta aka yi, kuma wani ne ya saki ruwan, za a iya tsayawa a dakatarwa ta shekara, ta dawo ta ƙarasa. Sai ta juya wurin Yaya Maikuɗi ta ce, "Malam, kana wurin. Haka aka yi?"

Wallahi na ɗauka an gama. Kalma ɗaya ce ta rage. Yaya Maikuɗi ya dubi Safiyanu, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ya ce, "Hajiya, ni manomi ne, me na sani a harkar ruwa? Ita ce ta yi karatu. Abin da ta ga dama shi ta yi."

Na miƙe na ce ƙarya ne, a kira uwarta. Aka ce in zauna, ba na wurin. Hapsatu kuwa an aika mata, mijinta ya ce in ta taka ƙofar gida a bakin aurenta. Munawwara ba ta yi kuka ba. Kallon ubanta kawai take yi, kamar ta ga baƙo. Aka kore ta.

A tasha na tare Yaya Maikuɗi, ban damu da jama'a ba. Na ce, "Yaya, ka binne ɗaya, ka zo ka binne ta biyu da ranta. Me ta yi maka?"

Ya ce in rage murya. Ya ce, "Batulu, ke ba ki da hankali. Yaya za a yi in tona asirin suruki a gaban baƙi? Ga jinjiri a tsakani. Ita kuwa 'yata ce, za ta haƙura."

Ta haƙura ɗin. Yanzu tana Sara, ita ke goyon ɗan Nasiha, don Safiyanu ya yi sabon aure tun kafin yaron ya iya zama, bai kuma waiwaye shi ba. Farar hular tana ƙasan akwatina, ta ce in ƙona, na kasa. 'Yan ajinsu sun gama, ina ganinsu da fararen kaya suna tsallaka titi, sai in sauya hanya.

Da ƙaramar salla na je gida. Ina zaune a tsakar gida Munawwara tana ba yaron koko, sai ga Yaya Maikuɗi ya shigo yana dafe da ƙugu, da baƙar leda a hannu daga kemis. Ya ajiye a gabanta ya ce kwana biyu jikinsa ba ƙarfi.

Ya ce, "Likita, in kin gama, zo ki saka min."