Baba Tiyata da Ɗakin da Aka Kasa Ƙwacewa

Kafin mai shayin bakin gareji ya hura wuta, Baba Tiyata ya riga ya iso. Shekara talatin da ɗoriya, abin da yake fara yi bai canza ba. Zai yayyafa ruwa a ƙofar ɗakinsa, ya share, ya tuɓe takalmi, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, sannan ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur. Garejin yana da rumfuna sama da arba'in, amma nan kaɗai ne mai ƙofa da tagar gilashi, nan kaɗai ne kuma in ka shiga da tsumma a hannu za a koro ka. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan don ba'a, wai shi makaniki ne ko likitan tiyata? Shi kuwa ya kira mai fenti ya rubuta masa sunan ɓaro-ɓaro a saman ƙofa, ya bar su da dariyarsu.

Aikinsa giyar mota ce, irin mai canza kanta, wadda direba ba ya taka mata kuloci. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, domin ido ya fara yi masa gardama. Ba wanda zai kira taro ya rataya masa lambar yabo, kuma da yawa a garejin Allah-Allah suke ya tafi. To, ba zai fita shiru ba. Ko da ransu zai ɓaci, sai an faɗi abin da mutumin nan ya yi.

Lokacin da motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa, Baba yana da shekara hamsin, kuma ko sunansa bai iya karantawa ba. Sa'o'insa suka ɗaga hannu suka ce wannan ba aikin sifana ba ne. Daga nan aka shigo da wata al'ada a garejin: duk giyar da ta yi tari, a ce ta mutu, a sauke ta, a ɗora ta hannu daga wajen masu kayan kwance. Mai mota ya tafi yana zufa, makaniki da mai kaya su tafi suna murmushi. Baba ya ce shi dai ba zai binne abin da bai tabbatar ya mutu ba. Matarsa malamar firamare ce, sai ya sa ta zaunar da shi duk yammacin Asabar da Lahadi, da littafin 'yan aji ɗaya da fensir. Har jikokinsa sun yi masa dariya. Bayan shekara biyu ya sayi na'urar gwaji, ya shiga gareji da ita a hammata, ya zauna yana karanta abin da take faɗa da yatsa a kan layi.

Kai ne, Baba, ka yarda a yi maka dariya a tsakar gidanka don kada mota ta raina ka a wurin aiki.

Wanda duk ya taɓa kai masa mota ya san ba ya barin mutum ya tafi a duhu. Zai zaunar da kai a benci ya ce, "Ka ga giyar nan, da mai take aiki. Man ne yake danna kulocin da ke cikinta. Akwai 'yan na'urori da ke gaya wa ƙwaƙwalwa gudun da kake yi, da yadda ka taka totur, da zafin man. Ita kuma sai ta aika wuta ga wasu ƙananan bawul, wannan ya buɗe, wancan ya rufe, mai ya bi hanyarsa, giya ta canza. Hanyoyin nan ko zaren tsumma ya isa ya toshe su. In ƙwaƙwalwa ta ga wani bawul bai amsa ba, sai ta kafe motar a lamba uku don kada ka ƙarasa ta. Mutane su ce giya ta mutu, alhali kanta take karewa."

Irin wannan bayanin ne ya sa ya zame wa masu kayan kwance ƙarfen ƙafa. Suka yi ta kai ƙara wajen shugaban ƙungiyar garejin, wai Baba yana kashe kasuwa. Shugaba kuwa dama ya daɗe da sa wa ɗakin ido, yana so ya mai da shi sito a riƙa jibge giyoyin hannu. Dalili kawai yake nema, kuma shekara shida da suka wuce ya samu.

Akwai wata mata da ake kira Anti Direba, mai bas ɗin da take kai yara makaranta. Ta kai bas ɗin rumfar Dogo, wani makaniki ɗan shekara arba'in da biyar mai baki kamar reza, ya canza mata man giya. Bayan mako biyu motar ta kafe a lamba uku, in za ta tashi sai ta yi ta nishi. Dogo ko buɗewa bai yi ba ya ce giya ta mutu, sai an sayo wata. Anti ba ta da halin haka, iyayen yara kuma sun fara neman wata motar. Ta lallaɓa bas ɗin ta tsayar a ƙofar Baba, idonta jawur.

A garejin akwai doka: motar da wani ya yanke wa hukunci, ba ka sa mata hannu sai da izininsa. Baba ya san dokar sarai. Ya dubi matar, ya ɗauko na'urarsa ya jona.

Kafin ka ce kwabo an yi carko-carko a ƙofar. Shugaba ya iso yana huci, Dogo na biye da shi.

"Baba, ka karya doka," in ji Shugaba. "Girmanka muke gani, amma yau ta ƙare. Ka kwashe kayanka ka ba mu makulli."

Baba bai ɗago daga na'urar ba. "Na karya, ban musa ba. Amma ku ba ni zuwa la'asar. In bas ɗin nan bai shiga lamba huɗu ba, ba tare da na sauke giyarsa ba, ga makulli, da hannuna zan miƙa. In ya shiga, kada wanda ya sake yi mini zancen ɗakin nan ina raye."

Dogo ya kwashe da dariya. "Ku bar shi, Shugaba. Gawa ce zai yi wa allura."

Shugaba ya ce ya yarda, kowa shaida ne.

Waɗanda suka tsaya a wurin har yau suna ba da labarin. Na'urar ta nuna bawul guda ba ya amsawa. Baba ya gwada wayar da ke kai masa wuta, lafiyarta lau. Ya zaro sandar awon mai, ya ɗiga a farar takarda ya shinshina, babu ƙauri. Ya shiga rami ya kwance tasar da ke ƙarƙashin giyar, ya ciro maganaɗisun da ke cikinta ya ɗaga wa jama'a. "Da haƙoranta sun karye, da kun ga ɓarɓashin ƙarfe a nan. Kun gani?" A bakin tasar kuwa jan gam ne aka lafta ta ko'ina a maimakon sabuwar robar da ke hana mai yoyo, har ya kunno ciki. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya gane aikin Dogo ne ranar da ya canza mai.

Ya sauko da allon bawul ɗin, wani farantin ƙarfe mai hanyoyi kamar gidan tururuwa, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Mutane suka manne da taga. Nan fa aikin ya ja. Ya ciro bawul ɗin ya ba shi wuta, ya ji yana motsi amma da ƙyar. Ya wanke, ya hura iska, ya sake dubawa, bai ga komai ba. Azahar ta wuce. Tun a lokacin idon ya fara rauni, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ranar ya ji tsoro, don ya ga ɗakinsa na shekara da shekaru yana shirin zama ma'ajiyar tarkace. Ya goge gilashin ƙara girma, ya matsa jikin taga inda haske ya fi, ya bi 'yar ragar bakin bawul ɗin da tsinin allura. Can ya zaro wani abu ja, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ya buɗe ƙofa ya fito da shi a kan farar takarda. "Ga mutuwar giyar taku. Gam ne. Ya ɓalle daga bakin tasa, mai ya ja shi ya kai shi inda ya toshe."

Baba bai jira tafi ba, ya koma bakin aiki. Ya mayar da allon, ya sa sabuwar matata da sabuwar roba, ya ɗaure kusoshin a hankali ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba irin man da aka rubuta wa motar, ya bar inji ya yi zafi a wuri mai daidai, ya bi kowace lamba da sandar giya, sannan ya auna mai injin na aiki. Ya share tsohon laifin daga ƙwaƙwalwa don ta sake koyon canji. Sai ya miƙa wa Anti makullinta, ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Shugaba, bisimilla. Kai za ka ƙirga."

Kafin a kira la'asar suka hau titi, makanikai cike da kujerun yara, gwiwoyinsu a haɓa. Bas ya tashi sumul. Ya shiga biyu, ya shiga uku. Anti ta ƙara taka totur, ƙarar injin ta sauka, motar ta miƙe. Daga baya wani ya yi ihu, "Huɗu!" Anti tana tuƙi tana share hawaye da gefen mayafi, Shugaba kuwa ya ƙura wa titi ido kamar an aiko masa da mugun labari.

Da suka dawo, Shugaba ya nemi inda zai sauke kunyarsa, ya juya kan Dogo. "Kai ka jawo mana wannan abin kunyar. Gobe kada in gan ka a garejin nan."

Dogo ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai iyali, kuma bai san wata sana'a ba.

"Babu inda zai je," in ji Baba. "Gam ɗin nan babu sunan kowa a jikinsa. Kowace rumfa a nan akwai irinsa, har taka, Shugaba. In za a kori mai shafa gam, sai dai a rufe garejin gaba ɗaya."

Kai ne ka ci nasara ka ƙi taka wanda ya faɗi. Kai ne ka tsaya wa mutumin da ya yi maka dariya da safe, ka fuskanci Shugaba sau biyu a yini guda. Dattijo mai wuyar lanƙwasa, sannu da aiki.

Washegari Baba ya iso ya tarar da Dogo tsaye a ƙofa, takalmi a hannu. "Baba, na zo ne ka koya mini." Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ga tsintsiya can." Shekara shida ke nan, Dogo bai taɓa makara ba. Abokansa sun yi masa ba'a har sun gaji, yanzu su ne ke lallaɓowa da motocin da suka gagare su, suna cewa don Allah a rufa musu asiri.

Makon jiya Shugaba ya sake bayyana, da fara'a wannan karon. Ya gaishe da Baba, ya yi masa addu'ar hutu lafiya, sannan ya sosa ƙeya. "Tunda dai za ka huta, Baba, batun makullin nan..."

"Na ce kada a yi mini zancen ina raye, ga shi kuma ban mutu ba," in ji Baba. "Amma tunda ka tambaya, makullin ba ya hannuna. Yana aljihun Dogo, je ka karɓa."

Shugaba ya waiwaya. Dogo yana tsaye a bakin ƙofa, ya cika ta da tsawonsa. "Ranka ya daɗe," ya ce, "in gyara ka kawo, shigo da motar. In makulli ne, babu."

Mun gode, Baba Tiyata. Mun gode a madadin matar da ba ta rasa sana'arta ba, da direbobin da ka hana a yi musu yankan ƙauna, da duk wanda ya zauna a bencinka ya tashi ya san abin da ke damun motarsa. Allah ya ƙara wa Malama lafiya, ita da ta riƙe maka fensir. Ku kuma masu sana'a, makanikai da waɗanda ba makanikai ba, ku daina yanke hukunci a kan abin da ba ku buɗe ba. In zamani ya zo da abin da ba ku sani ba, ku zauna ku koya ko da furfura a kanku, kuma in an taru a kanku don kun ƙi bin ɓarna, ku tsaya a inda kuke.

Je ka gida ka huta da idonka, Baba. Ranar Litinin da safe ɗakin zai buɗe.