Bangon gabas na ɗakin Rakiyya

Idan ka taɓa shan miyar kuka a Gumel, ƙamshi ya daki hancinka har ka tambayi matar gida, to, da wuya in ba daddawar Rakiyya ba ce. 'Yar Ɗanzomo ce, aure ya kawo ta cikin gari tana da ƙuruciya, ta zo da sana'ar uwarta a hannu. Gurguzu take dafawa, wato 'ya'yan yakuwa, ta daka, ta rufe shi ya tashi, ta mulmula daddawar batso. Ranar da ta buɗe kwando maƙwabta sai toshe hanci, wai ta kashe unguwa da wari. Gari na wayewa kuma su ne na farkon aiko da kwano. Sai ta yi dariya ta ce, "Marasa kunya, hancin ya warke ke nan?"

Mijinta Ya'u amalanken shanu yake kora, yana ɗaukar wa mutane taki da kara da yashi. Mutum ne marar yawan magana, Rakiyya ce mai yi musu su biyu. Gidansu ba wani gida ba ne: ɗakin soro guda, ɗan zaure da rumfar girki. Amma Ya'u ne ya gina shi da hannunsa, a ɗakin nan ta yi duk haihuwarta, a nan kuma ta yi kukan waɗanda suka koma. Ni'imatu kaɗai Allah ya bar mata, ita ma tana aure a Gagarawa.

Abu ɗaya Rakiyya ta tsana a duniya, shi ne tsufa ya kai ta zama a gidan suruki. Ko ziyara ta je Gagarawa ba ta iya cin abinci sai mijin Ni'imatu ya fita, ba ta kuma yarda ta kwana. Takan ce, "In dai ɗakina yana tsaye, a cikinsa za a yi mini wanka. Ni da rakuɓe-rakuɓe a gidan mijin 'yata, ina tauna a ɓoye? Allah ya kiyashe ni."

To, ɗakin ne ya soma ciwo. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, bangon gabas kuwa shi ke shan duka shekara da shekaru. Wata damina ta wuce ta bar masa tsaga tun daga ƙarƙashin azara har kusan ƙasa, tsagar da yatsa ke shiga. Ya'u ya duba ya ce yaɓe ba zai yi ba, sai an tokare azara, an sauke rabin bangon an mayar. Ƙasar Gumel rairayi ce, ba ta gini, don haka duk rani ya riƙa zuwa wani kududdufi mai nisa yana ɗebo laka a amalanke. Ya kwaɓa da ciyawa, ya bar ta ta tsima, ya mulmula tubali, ya shanya a tsakar gida har ba wurin taka ƙafa. Ya yi magana da Cindo magini, suka ce da zarar tubali ya bushe za a kama aiki, kafin ruwa ya sauka.

Tubali ya bushe, Ya'u bai ga aikin ba. Cikin zafin bazara ya dawo da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin a yi wata dabara rai ya yi halinsa. Rakiyya ta shiga takaba: ba kwalli, ba turare, ba fita ƙofar gida sai wata huɗu da 'yan kwanaki sun cika.

A tsakanin nan ne aka yi abin da ya firgita unguwa. Wani mai kuɗi a bakin titi ya rushe zaurensa ya fitar da shaguna na bulo, ya ci hanya. Ma'aikatan ofishin tsara gari suka zo da jan fenti suka zana wa ginin alama, suka tsayar da aiki, suka kwashe kayan maginan. Cindo yana cikinsu, har da cokalin gininsa aka tafi, sai da ya sha zirga-zirga ya karɓo. Daga ranar Cindo ko bokitin fenti ya gani sai gabansa ya faɗi.

Bayan sadakar arba'in Rakiyya ta aika masa. Ya zo ya tsaya a zaure, tana daga bayan zana.

"Malam Cindo, ga tubalin amininka yana jira. Yaushe za ka zo?"

"Wallahi, Yaya Rakiyya, ba ƙi na yi ba. Yanzu gari ya canza. Ba na ƙara ɗora ƙasa kan ƙasa sai na ji daga ofis cewa an yarda."

"Ofis kuma? Bangon ɗakina ne fa, cikin gidana. Wa na tsare wa hanya?"

"Haka wancan ma ya ce, zaurensa ne. A dai tambayo. Ko da baki suka ce a yi, gobe ki gan ni da asuba."

Wa zai tambayo? Sai Ɗalha, ƙanen marigayi, mai harkar awaki. Ya zo, ta faɗa masa, ya dafe kai ya ce, "Matar yaya, gara da ba a taɓa ba. Kada a zo a shafa mana jan fenti a gidan makoki, mu zama abin nuni. Bari zan shiga ofishin da kaina." Mutumin kirki ne Ɗalha, ban ce ba, amma alkawarinsa ba ya tsufa, kullum sabo ne. Ran Alhamis yana kasuwar Maigatari, washegari Juma'a ce, sauran ranaku yana bin ƙauyuka. Sau ɗaya ya leƙa aka ce mai kula da sashen ya tafi Dutse, shi ke nan ya samu abin faɗa har damina.

Mata masu zuwa gaisuwa kuwa kowace da fatawarta. Wannan ta ce gyara ba ruwan hukuma, su bara suka ɗaga katanga ba wanda ya ce uffan. Waccan ta ce ina, bara daban bana daban, yanzu ko taga ka fasa sai da takarda. Wata ta rantse cewa a garinsu an rushe wa wata tsohuwa ɗaki saboda yaɓe. Da aka matsa mata wace tsohuwa, sai ta ce ita ma ji ta yi. Rakiyya ta kasa kunne ga kowa, kanta ya ƙara ɗaurewa. Idan ta yarda ba a bukatar izini, ba magini. Idan ta yarda ana bukata, ba mai karɓowa.

Matar limamin unguwa ce ta ja ta gefe ta ce, "Rakiyya, na tambayi Malam. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in larura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ofishin nan ba nisa. Ki je."

Ta kuwa yi niyya. Wata safiya ta yafa mayafi ta kai bakin zaure. Sai ta hango maza zaune gindin darbejiya, abokan Ya'u ne duka, ga mata a bakin famfo. Ta tsaya. A danginsu ba a taɓa jin wadda ta taka waje cikin takaba ba. Uwarta ta yi, kakarta ta yi, ko rijiya ba su leƙa ba. Yau a ce Rakiyya mai batso tana yawon ofis, ƙasar kabarin mijinta ko bushewa ba ta yi ba? Ta juya ta koma, ta zauna kan turmi ta yi kuka mai isarta. Ni dai har yau abin yana ci mini rai. Kai, jama'a! Bakin mutane ya hana mace tafiyar da ko ruwa ba za ta nema a hanya ba, kuma da abin ya faru ba ɗaya cikin masu bakin da ya ɗauki ko cokali.

Ta yi abin da za ta iya. Ta kwaɓa ƙasa ta cusa a tsagar, ta bushe ta zubo. Ta lulluɓe tubali da zana da tsofaffin buhuna, ta danne da duwatsu. Ruwan farko da ya zo, da iska ya zo, ya yaye buhunan ya watsar. Tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallon aikin ranin Ya'u yana narkewa kamar gishiri a miya, jan ruwa yana bi ta zaure yana fita titi. Manoma suna murna a waje za a yi shuka. Ita kuwa ranar ko ruwa ba ta sha ba.

Daga nan sai jira. Tsagar da yatsa ke shiga ta koma hannu na shiga. Cindo, don kunya, ya kawo itace biyu ya tokare azara, ya fita da sauri kamar ɓarawo.

Ana saura kaɗan ta fita takaba aka yi ruwan da ya wuni yana zuba. Da azahar tana rumfa tana fama da ɗanyen itace, sai ta ji wani nishi a bayanta, sannan rugugi. Bangon gabas ya kwanta, soron ya bi shi. Gadonta, jeren kwanukanta na aure, akwatin kayan Ya'u da ba a ma raba ba, duk suna ƙarƙashin laka. Maƙwabta suka taru suna salati, suna cewa an auna arziki da ba ta ciki. Ta ce, "Haka ne."

Ni'imatu ta zo da mijinta. Ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, akwai ɗaki a gida, an share." Rakiyya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce a bari ta ƙarasa, sauran kwanakin a zaure ta yi su, kan tabarma.

Ranar da ta yi wankan fita, aka raba gumba, motar Gagarawa tana jiran la'asar. Ta ce akwai inda za ta. Ni'imatu ta yi ta magiya kada ta je, ta ƙi. Tambayar da ta riƙe wata uku ta kai ofishin da ƙafarta.

Wani saurayi ta tarar, mai ladabi, ya tashi ya ba ta kujera. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan: ɗakin soro ne, bango ya tsage, za a sauke rabi a mayar.

"A inda yake za a mayar, Iya? Ba za a matso titi ba, ba ƙarin ɗaki?"

"A inda yake."

Ya yi murmushi. "Ai wannan gyara ne, Iya. Ba kya bukatar komai daga wurinmu. Wa ya wahalar da ke? Ki je ko yau a kama aiki."

Ta dube shi. Ta ce, "Ɗan nan, sake faɗa in ji."

Ya sake faɗa, a hankali, yana tsammanin kunne ne.

"Ko da watan bazara na zo, haka za ka ce?"

"Haka zan ce, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa tebur ta miƙe, ta ce Allah ya yi masa albarka. Har ta kai ƙofa ya ce, "In kina so in turo a duba miki bangon, don hankalinki ya kwanta."

"Bar shi, ɗana," in ji ta. "Ya faɗi."

Da la'asar aka ɗora ƙullin kayanta a mota. Mijin Ni'imatu ya buɗe mata gaba, ta ƙi, ta shiga can baya ta takure jikin taga, har suka isa Gagarawa ba ta ɗaga mayafi ba.