Farar Rigar Sallau Majemi

A unguwar majema ta Gumel, can bayan gari inda wari ya hana su samun maƙwabta, Sallau ya tashi, nan kuma ya tsufa. Ubansa majemi ne, kakansa ma haka. Kullum hannunsa na cikin kwatarniya yana cuɗa fatun awaki, har faratansa suka rine suka ƙi wankuwa. Mutane suna son takalmi da jaka da buzun salla, amma in majemi ya zauna kusa da su sai ka ga an ɗan gyara zama. Sallau ya san da haka, bai kuma taɓa ƙorafi ba, don yana da Juma'arsa.

Farar riga gare shi guda ɗaya, ta saƙi, wadda ya sayo a kasuwar Maigatari wata shekara da fata ta yi daraja. Ranar Juma'a tun da hantsi zai ajiye aiki, ya dirje jikinsa da sabulun salo, matarsa Baraka ta turara rigar, ya tafi masallaci da wuri ya kama sahun gaba. A nan kafaɗarsa kan gogi ta attajiri, ba mai matsawa. Wannan tsayuwar ita ce iyakar abin da duniya ta ba shi, ta kuma ishe shi.

Ciwon ya same shi a shekarar da gero ya ƙi, lokacin da motocin gyaɗa suka koma kawo garin rogo daga kudu. Gari ake ci safe da yamma, a jiƙa shi sama-sama, ba miya ba mai. Cikin Sallau ya ɗaure. Sai ya shiga bayan gida ya daɗe a tsugune yana yunƙuri, ya fito da gumi, abin da ya fita kuwa bai wuce kashin akuya ba. Kafin damina ta zagayo wasu 'yan ƙurarraji sun tsiro masa a dubura, suna zafi, suna jini. Basir ne, ciwon da rabin gari ke fama da shi, kowa na yi kamar bai san shi ba.

A nan sana'arsa ta cuce shi. Majemi ba abin da ya yarda da shi kamar bagaruwa. Ya ga yadda ruwanta ke kama fatar da ta saki, ya tsuke ta, ya hana ta ruɓa. Sai ya ce a ransa, to tsiron nan ba fata ba ce? Ya jiƙa bagaruwa ya zauna a ciki, ya kuwa ji sauƙi, zafin ya lafa. Da ya tsaya a nan da an yi masa barka. Amma Sallau mutum ne mai son ya gama aiki har ƙarshe, sai ya ce a jeme ciwon ta ciki ma. Ya fara shan ruwan bagaruwa, ƙoƙo guda kowace safiya, abin da ake bai wa mai gudawa don cikinsa ya tsaya.

Baraka ce ta gane, da ta ga wando a jiƙe a bayan ɗaki, shi da bai taɓa wanki ba.

"Malam, bagaruwar nan ɗaure ka take ƙara yi," in ji ta, idonta a ƙasa. "Bari in jiƙa maka tsamiya, in samo kuɓewa da ɗan man shanu. Ka riƙa shan ruwa da yawa, cikin zai saki."

"Abin da ke fita shi ke yanka ni, Baraka. Ke kuma so kike ki ƙara masa hanya?"

"An ce malamin ɗakin shan magani yana ba da wani mai na sha da na shafawa."

"Sai ya duba tukuna. Yaron da na girmi ubansa zan kwance wa wando?"

Daga nan ba ta ƙara ɗaga maganar ba, kunya ta rufe bakinsu su biyun. Ya rage ci don kada ya fita, ya rage shan ruwa. Ciki ya ƙara tauri, yunƙuri ya ƙaru, tsiron ya yi girma. Ya rame, tafin hannunsa ya yi fari, tsugunno gaban kwatarniya ya gagare shi. Duk da haka Juma'a ba ta wuce shi, yakan tura tsumma a wando ya tafi yana taka ƙasa a hankali.

Wata Juma'a da zafi, bayan an sallame, wani dattijo da ke sahu na biyu ya dafa shi, ya raɗa masa, "Bawan Allah, duba bayan rigarka." Ba da mugunta ya faɗa ba. Sallau ya kai hannu ya ji danshi. Ya zauna a wurin bai motsa ba har masallaci ya watse, sannan ya tashi ya bi gefen katanga zuwa gida, rigar a dunƙule a hannu ta baya.

Abin da ke da ban haushi, da ya tambayi liman da an gaya masa mai lalura irin tasa yana da sauƙi a addini, ba wanda zai kore shi daga sahu. Bai tambaya ba. Wanda ya kasa faɗa wa matarsa sunan ciwonsa, ina zai iya furta shi gaban liman? Ya yanke wa kansa hukunci cewa ya ƙazantu, ya koma salla a ɗaki, a jingine da bango. In an kira sallar Juma'a sai ya juya fuskarsa, Baraka ta fita tsakar gida ta nemi abin dakawa, don kada ya san ta ji kukansa.

Ta wanke rigar har sau uku, tabon jinin ya fita sai 'yar alama. Ta kawo masa a ninke, ta ce ko zai gwada komawa wannan makon.

Ya shafa ta da rinannun yatsunsa.

"Ajiye ta a ƙasan adaka," ya ce. "Ranar da za a ɗauke ni, ki ba su su lulluɓa a kan makara. Ranar ai a gaban sahu za a ajiye ni, ba kuma wanda zai duba bayana."