Farce Goma, Launi Goma

A layin da kantin yake, ba wanda ya san ta da wani suna sai Farce Goma. Shekara talatin da ɗaya ta yi a tsaye bayan akwatin gilashi, tana sayar da jan farce da jan baki da hoda da jagira, kuma a yawancin shekarun nan da wuya ka ga faratanta biyu da launi iri ɗaya.

Ba da kwalliya ta fara ba. Tana budurwa wanki da guga take yi a wani otal, inda zannuwan gado ke zuwa tuli-tuli, ruwan zafi da sabulu suka cinye mata fatar hannu. Ran da ta karɓi albashinta na farko, ta shiga kantin wani tsoho mai kayan kwalliya, ta zaɓi jan farcen da ya fi kowanne kyan kwalba, ta je gida ta shafa, tana ta juya hannu a gaban madubi. Washegari, kafin ta matse zanin gado na uku, jan farcen ya ɓare kamar ɓawon albasa. Da aka tashi aiki ta koma kantin, ta shimfiɗa hannuwanta biyu a kan gilashin. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambayi tsohon ko ya taɓa gwada abin da yake sayar wa mutane. Tsohon ya dubi nasa faratan, masu kauri kamar kofato, ya yi dariya har da tari. Sai ya ɗauko ƙananan kwalabe biyar, ya ce ta je ta shafa kowanne a yatsa ɗaya, ta dawo bayan mako ta nuna masa wanda ya tsira. Ta dawo. Biyu suka tsira, ɗayansu kuwa shi ne mafi araha a kantin, wanda ya jefa can ƙasa ƙura na hawansa. Tsohon ya daɗe yana kallon yatsun nan, sannan ya ce yana neman mai tsaron gilashi. A ƙarshen watan ta ajiye dutsen guga.

Baba take ce masa, shi kuma ya ce mata 'yar nan. Sabon kaya na zuwa ran Litinin. Da yamma ta shafa kowane farce da nasa, ta shiga harkarta: wanke-wanke, kankare tukunya, wanki, ɓare tafarnuwa, ba abin da take ragawa. Ran Asabar a yanke hukunci. Wanda ya kai Asabar da ƙyallinsa ya hau saman gilashi. Wanda ya mutu tun Laraba ya sauka ƙasa, komai tsadarsa. Masu cewa araha ba ta ado, in ji ta, ba su ga babban yatsanta ba.

Hoda kuwa ba ta yarda a zaɓe ta a cikin kanti. Fitilar kanti maƙaryaciya ce, kowa ta haska sai ya yi kyau. Sai ta ɗan goga wa mace a gefen muƙamuƙi, ta kama hannunta ta ja ta bakin ƙofa, ta miƙa mata madubi a cikin rana. Jan baki da kofin shayi take gwada shi. In ta kurɓa ta ga leɓenta ya koma jikin kofin, sai ta ce wannan kofi yake so, a bar wa kofi. Jagira kuma sai ta tsaya da ita a tashar mota da tsakar rana, in gumi bai kawo ta kumatu ba, ta ci jarrabawa. Ba kowa take cusa wa mai daɗewa ba. In mace ta ce ita ba ta barin jan farce ya wuni a hannunta, sai ta ce to kada ki wahalar da jakarki, ga wannan, kyansa na yini ɗaya ne, ku kun dace.

Baba bai ji daɗin wannan hali da farko ba. Wata rana wata mata mai mota ta shigo, ta nuna kwalba mai murfin ruwan zinariya, wadda ta fi komai tsada. Farce Goma ta ɗaga mata ɗan yatsan zobe, jan ya tsattsage kamar ƙasar da ta sha fari, ta ce wannan shi ne, kwanansa biyu. Matar ta sayi na babban yatsa ta fita. Baba ya sauke tabarau.

“'Yar nan, kasuwa na kawo ki, ko wa'azi?”

“Baba, in na sayar mata yau, gobe ƙofar wani za ta shiga.”

Ya yi ƙwafa ya koma kujerarsa. Sati bai zagayo ba matar ta dawo da ƙannenta uku da wata abokiyar aikinta, suna shigowa suna tambayar ina mai yatsun nan. Daga ranar Baba bai sake magana ba, sai dai in dillali ya zo yana zuba zance a kan sabon kaya, ya nuna ta da haɓa ya ce su ba sa cinikin biri a sama, a dawo ran Asabar.

Abu ɗaya ke ɓata mata aiki. Hannunta na hagu kullum tsaf yake, don dama ce ke shafa shi. Na dama kuwa, da hagu ke shafawa, kullum jan ya haura fata. A tsallaken titi akwai wani mai gyaran agogo, da ɗan teburinsa a ƙarƙashin rumfa, mutum siriri marar yawan magana. Ran nan Baba ya aike ta da agogonsa da ya tsaya. Ta miƙa, mutumin ya karɓa, idonsa na kan yatsunta, ya ce hagun aikin gwani ne, daman kuwa kamar kaza ta taka fenti. Sati guda ba ta gaishe shi ba. Da ta je karɓar agogon, ya ce in ba za ta ɗauka raini ba, ta kawo kwalba ɗaya ya gwada. Ta kawo don ta ga iyakarsa. Ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya riƙe ɗan burushin kamar yadda yake riƙe hantsakin aikinsa, ya ja sau uku, ko ɗigo bai taɓa fata ba. Shekara ba ta cika ba aka ɗaura musu aure.

Tun daga nan hannun dama ya zama nasa. Kowace Litinin da la'asar, a kan teburin da ke bakin tagar ɗakinsu, ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya jera kwalabe biyar, ta ɗora hannu a kan gwiwarsa. Yana yi yana mitar wari, wai abin nan na hawa masa kai. Ya sa ta rantse abokansa na rumfa ba za su taɓa ji ba, ita kuwa ta san tuni sun sani, don sau da yawa yana fita da ɗigon ja a gefen babban yatsa. Sannu a hankali shi ma ya zama alƙali. Shi ba ruwansa da launi, burushi yake dubawa. In gashin ya baje ko ya zube, sai ya ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa zama ya shafa wa matarsa ba. Shi ya riƙa ƙarce lamba a gindin kowace kwalba da tsinken aikinsa, ɗaya zuwa goma, don kada ta mance wane yatsa ne na wa. A ɗakin nan suka haifi 'yarsu ɗaya tilo, ta tashi tana zaton kowane uba haka yake yi.

Da Baba ya tsufa ƙafa ta ƙi, ɗansa ya karɓi kantin. Ƙaramin Maigida ake ce masa. Farce Goma ta san shi tun yana zuwa da jakar makaranta, shi kuma Inna yake ce mata. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Wata rana ya kawo katan guda na wata hoda mai kyan gida, da ɗan madubi a cikin murfi, ya ce a jera ta yau-yau. Ta ce ya ba ta kwana biyar. A kwana na uku gefen muƙamuƙinta ya yi ƙuraje, ya yi zafi kamar an goga barkono. Ta nuna masa. Ya ce fatarta ce ta manyanta, 'yan mata ba abin da zai same su, ya jera hodar da hannunsa a saman gilashi.

Ba ta yi musu ba. Washegari ta zo aiki ba ta rufe wurin da komai ba, ta tsaya daidai bayan hodar. Mace ta farko ta tambaye ta me ya sami fuskarta, ta nuna mata. Ta biyu ma haka. Kafin azahar Ƙaramin Maigida ya kwashe hodar ya mayar cikin katan, ya tura ƙarƙashin tebur da ƙafa. Mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Sai wata safiya ta tarar da man shafawa na kantin magani a kan gilashinta, shi kuma yana can ciki ya duƙufa yana gyara abin da bai lalace ba. Ƙurajen sun warke, amma wurin ya bar baƙin tabo kamar girman kan yatsa, har yau yana nan.

Mai agogo ya rasu a wata damina, bayan jinyar da ba ta kai wata ba. Da ta koma aiki, hagu kawai take shafawa. 'Yarta, wadda a lokacin ta riga ta zama malamar makaranta, ta ce ta kawo ta shafa mata ɗayan. Ta ce a'a, biyar ma sun isa. Abin da a da take gamawa a mako ɗaya ya koma mako biyu, dillalai suka yi ta ƙorafi, ba ta kula su ba. Tsofaffin masu saye suka ga hannun, ba wadda ta tambaya. Sunan dai bai canja ba.

Shekara shida bayan haka kantin ya rufe. Manyan kantuna sun buɗe, 'yan mata kuma sun koma zaɓen kaya a waya, a kawo musu har gida. Ƙaramin Maigida ya sayar da wurin, yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki. In ta zauna da rana a ƙofar ɗakinta, ba kwalaben take tunawa ba. Warin kantin take tunawa da safe in an ɗaga ƙofar ƙarfe, hoda da turare da ɗan ɗacin ruwan goge farce. Da kuma ran Asabar, mata huɗu ko biyar a jere a kan benci, kowacce ta baje yatsu tana hurawa. Mace mai ɗanyen farce ba inda za ta, ko jakarta ba ta iya buɗewa, sai baki ya buɗe. A kan bencin nan ta ji wadda za ta nemi aiki gobe tana tsoro, da wadda ɗanta ya ƙi karatu, da wadda ta fito daga asibiti tana so ta ga launi a jikinta. Minti goma ne, farce ya bushe, kowacce ta kama gabanta.

Bara 'yarta ta matsa mata sai ta raka ta ɗaya daga cikin manyan kantunan nan. Wuri ne mai sanyi, fitilu ta ko'ina, jan farce jere-jere har bango ya ƙare, kowace kwalba a naɗe cikin leda. Wata budurwa mai fara'a ta tarye su. Duk wanda Farce Goma ta nuna, sai ta ce yana da kyau sosai.

“'Yata, mu ga hannunki.”

Budurwar ta miƙa, faratanta fes, ba komai. Ta sunkuyar da kai ta ce ba a barin su su buɗe kaya, abin da ke jikin kwali shi suke faɗa. Farce Goma ta tambaye ta wanne ta fi sayarwa, ta nuna wani ja mai duhu. Ta saya. Malamar makaranta ta yi ta dariya a mota, wai Inna an yi ritaya amma ba a ajiye aiki ba.

Ran Litinin da la'asar ta shafa shi a manunin hagu. Burushin ba laifi. Ran Laraba, tana kankare tukunya, bakinsa ya fara ɓantarewa, ran Alhamis rabi ya tafi. Ta kira 'yarta a waya, ta ce in ta bi ta can ta gaya wa yarinyar nan jan nata kwana biyu yake yi, kada ta ce wa masu aikin ruwa ya fi haka. 'Yar ta ce to, sai dai hanyarta ba ta bi ta can. Ran Asabar Farce Goma ta yafa gyale, ta shiga motar haya, ta je da yatsan da kanta.