Akuyar da Ta Haihu a Hannun Hukuma

Akuyar ba tawa ba ce. Da tawa ce, wataƙila da na haƙura tun farko na bar musu ita. Ta wata tsohuwa ce daga ƙauyen Vimtim, mai kawo gyaɗa kasuwa, tana ajiye kwandonta kusa da rumfar da nake facin taya. Mijinta ya rasu, ƙafafunta sun soma ciwo, sai ta ba ni akuyar kiwo yadda ake yi a wajenmu: kai ne da ciyarwa, uwar tana nan ta mai ita. In ta haifi biyu ku raba, in ɗaya ta haifa na mai akuya ne, kai ka jira haihuwa ta gaba. Ba a rubuta komai. Igiya kawai ta miƙo mini ta ce, da irin Hausarta da ba ta raba namiji da mace, "Ɗana, ga shi. Shi ne bankina. Biyu-biyu yake haihuwa."

Da damina kowa ya san doka, dabba a ɗaure take saboda gonaki. Na ɗaure ta, amma ruwa ya ci igiyar. Wata la'asar ina ajin yaƙi da jahilci ta tsinke ta fita, ga ta da tsohon ciki. Maƙwabcina manomi ya ce ya ga wasu mutane sun kama ta a bakin mayo, wato rafin garinmu, sun jefa a bayan mota. Na fara ɗauka ɓarayi ne. Sai washegari na same ta a garken da ƙaramar hukuma ke tsare dabbobin da aka kama suna yawo.

Akawun ofishin ya lissafa mini ba tare da ya ɗago kai ba. Akwai tarar sakin dabba. Akwai kuɗin tsaro da ciyarwa, kowane kwana, kowane kai. Akwai kuma diyyar itatuwan da aka dasa a bakin titi, waɗanda aka ce ta cinye. In wa'adi ya cika ban fanshe ta ba, gwanjo za a yi. Diyyar nan ce ta tsaya mini a rai. Tsakanin bakin mayo da titin akwai tafiya, kuma akuya mai wannan ciki ba ta yawon nesa.

Ina fitowa wani mutum ya taso daga gindin bishiya, da jaka a hammata.

"Alhaji, kawo rabi yau ka tafi da ita. Ni da su duk ɗaya ne."

"Da rasit?"

"Rasit za ka kiwata ko akuya?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma wanda ya kira mai faci Alhaji da hantsi yana da abin da yake nema. Na ce zan yi shawara.

Malamar ajinmu ce ta nuna mini hanya. Ta ce wanda bai yarda da tara ba yana iya rubuta ƙorafi ga shugabar sashen da ke kula da garken, mai unguwa ya sa hannu, a zauna a saurare shi. "Amma Baba, ka sani, kuɗin kwana ba ya tsayawa don kana ƙorafi." Na rubuta da hannuna, ta gyara inda ya karkace, na kai. Na kuma sa a raina kowane kwana yana cin wani yanki na akuyar tsohuwa.

Don kada a ce sun ciyar da ita, kullum da safe kafin in buɗe rumfa nakan kai mata ciyawa da dusa. Mai gadin garken dattijo ne mai fara'a. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ga mijin amarya ya kawo kayan shayi!" In yi dariya, amma idona na kan hannunsa. Ya cika shafa cikinta. Yakan danna gefe da gefe kamar mai ƙirga wani abu.

Tsohuwa ta zo kasuwa a makon, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Kada su sayar da shi, ɗana."

Sai wata safiya mai gadi ya tare ni a ƙofa, ya ce oga ya hana shiga, in bar ciyawar zai ba ta. Washegari ma haka. Ranar da ya buɗe mini, na tarar da ita ta sauka, ɗa guda yana tsotso.

"Barka da arziki, ango! Namiji ne."

"Ina ɗayan?"

"Wane ɗayan? Abin da Allah ya ba ta ke nan."

Na duba lungun garken, na duba bayan katanga. Ko mushe ban gani ba. Cikin da na sani ya fi ƙarfin wannan ɗan ƙaramin. Amma ba a gabana ta haihu ba, kuma ban da ni da shi ba mai zuwa wajen. A ofis kuwa akawu ya mayar da kuɗin kwana na kai biyu.

Ranar zama na je da maƙwabcina da mai unguwa. Shugabar sashen mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Maƙwabcina ya faɗi inda ya ga an kama akuyar. Aka tambayi wanda ya kama ta wace bishiya ta ci, ya yi ta kame-kame, sai aka soke diyya. Da aka zo kan kai biyu, shugabar ta dubi akawu ta ce, "Shi ɗan akuyan wane titi ya bi kuka kama shi?" Mai unguwa ya tuntsire da dariya, aka soke wannan ma.

Saura kuɗin ciyarwa. Shugabar ta ce wa zai shaida ni nake kawo abinci? Na buɗe baki ke nan in yi maganar ɗan da nake zargin ya ɓace, sai aka shigo da mai gadi. Ya cire hula ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi ko tsinke ba mu ba ta ba. Wannan bawan Allah ruwa da iska bai taɓa fashi ba." Yana faɗa yana kallona.

Na haɗiye maganata. Idan na tuhume shi, na rushe shaidar da ta cece ni, kuma ba ni da abin nunawa. Har yau ban sani ba ko gaskiya ce kawai ya faɗa don Allah, ko bakina ya saya da ita. Aka soke kuɗin ciyarwa. Na biya tarar sakin dabba da kuɗin tsaro, na karɓi rasit, na ja akuyar, ɗan a kafaɗata.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na ɗauki ɗan acaɓa muka kai su Vimtim. Tsohuwa ta durƙusa da ƙyar, ta shafa cikin akuyar, ta taɓa nonon, ta daɗe a haka.

"Ɗaya?"

"Ɗaya suka ba ni, Mama."

Ta ɗago ta dube ni. Kallon da nake yi wa mai gadi duk kwanakin nan, shi na gani a idonta. A wajenta ai ni ne mai gadin. In na ɓoye ɗaya, na ci rabona ke nan, ga kuma na haihuwa ta gaba yana jirana. Na ba ta labarin ƙofar da aka rufe mini, ta saurara har ƙarshe ba ta ce na yi ƙarya ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Na ce ɗan nata ne bisa al'ada, ni zan jira.

Ta aika aka kawo wuƙa, ta tsaga kunnen ɗan da irin shaidar gidansu. Sannan ta miƙo mini igiyar uwar.

"Ka tafi da shi, ka ci gaba da kiwo. Amma in ciki ya tsufa, ka kawo shi nan. A gabana zai haihu."

Na karɓi igiyar da hannu biyu. A hanyar komawa na tsaya kasuwa na sayi sabuwa ta roba, wadda ruwa ba ya ci.