Ranar da Hajiya Talatu ta hau keke a gandun daji

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin tafinta a Guangzhou, akwai ɗaya da har yau ba ta goge daga raina ba, kuma ba ranar ciniki ba ce. Ranar da na raka Hajiya Talatu gandun daji ce.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda ƙannenmu da suka shigo daga baya. A shekarun dubu biyu da 'yan kai, ni ƙaramin tafinta ne a wani ofishin tura kaya da ke unguwar Sanyuanli. Karatu ne ya kai ni Caina, da bakina ya kama Sinanci sai ofishin ya ɗauke ni. A samana akwai babban tafinta, a samansa kuma manajanmu, Alhaji Sule, Bakano da ya daɗe a garin. Aikin ƙaramin tafinta shi ne ya taro baƙo daga filin jirgi, ya kai shi masauki, ya raka shi kasuwa ko masana'anta, ya tsaya tsakaninsa da mai kaya har su daidaita, sannan ya tabbatar abin da aka saya shi ne ya shiga kwantena. Akwai doka ɗaya da Alhaji Sule ba ya wasa da ita: daga shigar baƙo motarka har ka mayar da shi masauki, lafiyarsa tana wuyanka.

Hajiya Talatu babbar 'yar kasuwar jakunkunan mata ce a Kano, ta kusa shekara sittin, kuma tana cikin manyan masu hulɗa da ofishinmu. Ba ta dariya a wurin ciniki. Za ta ɗauki jaka, ta juya cikinta waje, ta ja ɗinkin da farce, ta ajiye ba ta ce komai ba, mai kaya ya shiga zufa. Tana da hawan jini, kuma duk zuwanta sai babban ɗanta Nura ya kira ofis daga Kano ya ce a kula da ita.

A wannan zuwan, cikin watan Nuwamba, muka shiga mota zuwa Shiling, garin masu ƙera jakunkuna, don duba kayanta. Muka tarar zif ɗin da za a sa bai iso ba, sai washegari. Mai masana'antar, wanda muke kira Laoban, wato maigida, kunya ta kama shi. Ya ce tunda mun yi wannan doguwar tafiya, bari ya ba mu direbansa ya kai Hajiya wani gandun daji da ke cikin duwatsu a arewa da garin, ta sha iska. Na fassara mata ina jiran ta ce a mayar da ita masauki. Sai ta ce, "Mu je. Na gaji da warin gam."

Gandun yana da hanyoyi uku, kowacce da allonta a bakin shiga. Akwai ta masu tafiya a ƙafa, mai matakalar dutse har ƙololuwa. Akwai ta dawaki, inda ma'aikaci ke riƙe linzami ya zagaya da kai. Sai ta kekuna, wadda ta ratsa cikin itatuwan gora ta gangara zuwa wani rafi. Kekunan irin masu kaurin tayar nan ne da giya, waɗanda aka yi don hawan dutse. Ƙa'idarsu ita ce ba a ba ka keke sai da hular kwano, kuma wanda ya manyanta sai ma'aikaci ya raka shi.

Ni na riga na tsara komai a raina: mu ɗan taka a hanyar ƙafa, mu zauna a inuwa, mu juya. Amma Hajiya ta ja ta tsaya a gaban rumfar kekuna. Ta matsa taya da babban yatsa, ta damƙe birki ta saki, ta ɗaga bayan keken ta juya feda tana sauraron ƙarar sarƙa.

"Kabiru," ta ce, "tambayar mini a ba ni wannan shuɗin."

Na ce, "Hajiya, ai ga dawaki can, a riƙe miki, ki zauna abinki."

"Na ce maka doki nake so?"

Na koma gefe na kira Alhaji Sule. Ban gama bayani ba ya katse ni. "Keke? A kan dutse? Kai, kana da hankali kuwa? Idan matar nan ta faɗi, me zan gaya wa Nura? Ka ce mata meyo. Ka ce 'yan Caina sun ce ba sa ba mata masu shekarunta." Meyo, ga wanda bai sani ba, shi ne "babu" a Sinanci, kalmar da kowane ɗan kasuwa yake fara koya. Kafin ya kashe waya ya ƙara da cewa idan wani abu ya same ta, kada in dawo ofis.

Na tsaya da waya a hannu. Abu ne mai sauƙi in yi yadda ya ce, tunda duk abin da na faɗa mata shi ne abin da aka faɗa. Amma aikin nan gaba ɗaya a kan wannan yake tsaye. Matar da ta yarda da bakina a kan kayan kwantena guda, yau in yi mata ƙarya a kan keke? Na koma na tambayi ma'aikaciyar rumfar, wata dattijuwa mai gajeren gashi da hular rana, ana kiranta Madam Lin. Ta dubi Hajiya sama da ƙasa ta ce ana bayarwa, amma da sharaɗi: sai ta hau a fili ta ga iyawarta, sai an ɗaure tufafinta kada sarƙa ta ja, kuma ita da kanta za ta raka ta a hanya mai sauƙi.

Na gaya wa Hajiya wannan kalma da kalma. Sannan na ce, "Hajiya, akwai kuma maganar Alhaji Sule. Ya ce kada ki hau, yana tsoron jininki. Ni ma ina tsoro. Idan kika faɗi, aikina ya ƙare."

Sai ta ce, "Na sha maganina da safe. Zauna ka ji, ɗan nan. Mahaifina gyaran keke yake yi a Fagge. Duk keken da ya gyara, ni ce mai gwadawa, in zagaya lungu in dawo in ce masa birkin baya bai kama ba. Ranar da aka ce na girma, aka ce in sauka, na sauka. Na haifi 'ya'ya, na aurar da su, na je Makka, na zo Caina, ban sake hawa ba. A Kano ina zan hau? Yara su biyo ni da ihu? Nan ba wanda ya san ni. Idan na ji jiri zan tsaya, na yi maka alkawari."

Na ce wa Madam Lin a kawo hular kwano.

Da ma akwai wando a ƙarƙashin zaninta saboda sanyi. Madam Lin ta tattare bakin zanin ta ɗaure da roba, Hajiya ta naɗe mayafinta a ƙugu, aka ɗora hular kwano a kan ɗankwali. Ta yi bismilla ta hau. Kan keken ya yi hagu, ya yi dama. A juyin feda na uku sai bayanta ya miƙe. Ta zagaya filin, ta sake zagayawa, ta zo ta ja birki daidai gaban takalmina.

"Birkin baya bai kama ba," ta ce.

Na fassara. Madam Lin ta gwada, ta fashe da dariya, ta ɗauko sifana ta ƙara masa ƙarfi.

Muka shiga hanya, Madam Lin a gaba, Hajiya a tsakiya, ni a baya da jakarta rataye a wuyana. Gora ta rufe mu ta sama, rana tana tsiyayowa ta tsakanin ganye, ƙasa tana ƙamshin jiƙa. Ni dai rabona da keke tun ina firamare, kuma ban san kan giyar nan ba. A hawan farko numfashina ya ƙare, na sauka ina turawa. Kafin in kai saman tudun sun ɓace mini a kwana.

Na hau da sauri na biyo gangara, tayar gaba ta daki saiwa, sai ga ni zaune a cikin taɓo, sarƙa ta zame. Ina ƙoƙarin tashi na ji ƙara daga can ƙasa, muryar mace, doguwa, mai kaifi. Na ce innalillahi, shi ke nan. Na kinkimi keken na ruga a guje, ina ganin fuskar Nura, ina ganin ta Alhaji Sule. Da na karya kwanar sai na hango ta can gaba, tana gangarawa zuwa rafi, ƙafafu a kan feda, bakin ɗankwali yana kaɗawa a ƙarƙashin hular kwano. Ashe guɗa take yi. Hajiya Talatu, wadda masu masana'anta ke tsoron shirunta, ita ce ke rangaɗa guɗa a cikin dajin Caina, Madam Lin yanzu tana biye da ita tana ƙoƙarin kwaikwayonta, abin yana fita kamar kukan zakara.

Na iso bakin rafi jiƙe da taɓo har baya. Suka kalle ni, suka kalli juna, dariya ta ƙwace musu har Hajiya ta dafa dutse tana share hawaye. Da suka ga sarƙar kekena tana reto, su biyun suka miƙa hannu lokaci guda. Suka kifa keken, ɗaya ta riƙe sarƙa, ɗaya ta juya feda, sarƙar ta koma wurinta. Hajiya ta ɗaga yatsunta baƙi ƙirin da mai, zobban zinare a jiki, Madam Lin ta ɗaga nata.

Muka yi alwala a rafin, muka yi azahar a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, Madam Lin ta koma gefe ta jira mu shiru. Bayan mun idar ta buɗe jakarta ta fito da dafaffen dankali da shayi. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Hajiya ta nuna tsawon jikarta da hannu, Madam Lin ta nuna nata biyu. Madam Lin ta dafa gwiwarta ta yamutsa fuska, Hajiya ta dafa tata ta gyaɗa kai. Na matso don in yi aikina, sai Hajiya ta ɗaga mini hannu.

"Bar mu, Kabiru. Muna jin juna. Je ka wanke wandonka."

A mota kan hanyar komawa wayata ta yi ƙara, Alhaji Sule ne. Hajiya ta karɓe ta daga hannuna. "Alhaji, na hau, na sauka lafiya. Yaronka ne ya faɗi." Ta ci gaba, "Ya gaya mini abin da matar rumfar kekuna ta ce, ya gaya mini abin da ka ce, bai rage ba bai ƙara ba. Daga yau duk zuwana shi za ka haɗa ni da shi." Washegari a ofis Alhaji Sule ya yi mini faɗa na ɗan lokaci don doka ta tsaya a matsayinta, sannan ya rufe ƙofa ya ce in ba shi labarin hawan keken tun daga farko.

Abin da ranar ta koya mini shi nake gaya wa duk sabon tafinta. Baƙon da ba ya jin yaren gari, da kunnenka yake ji, don haka ba ka da ikon zaɓar masa abin da zai ji, ko da kana ganin don amfaninsa ne. Faɗa masa gaskiyar abin da aka ce, faɗa masa tsoronka idan kana da shi, ka bar masa hukunci. Kuma ku riƙa tunawa cewa dattawan nan da muke rakawa kasuwa, masu ɗaure fuska a kan farashi, kowannensu ya taɓa zama yaro a wani lungu, kuma akwai abin da ya ajiye can da bai daina kewarsa ba. Idan Allah ya sa a gabanka ya sake samunsa, ka riƙe masa jaka, ka ja baya, ka yi shiru.