Ajin Ƙarshe a Sashen Turanci

Sashen Turanci na kwalejinmu a Gummi ɗaki biyu ne a ƙarshen gini, ɗaya ofis, ɗaya ajin lacca. Ƙaramar kwaleji ce ta horar da malamai, wadda mutanen gari suka haɗu suka kafa. A nan na yi karatu, daga nan na tafi jami'a, na dawo aka ɗauke ni koyarwa a ɗakin da na taɓa zama ɗalibi.

Shugabar sashen mace ce Kirista daga wata jiha mai nisa. Madam kowa yake ce mata, har limamin kwaleji. Tun tana amarya ta biyo mijinta, ma'aikacin asibiti. Ya rasu a garin, aka zaci za ta koma gida, ba ta koma ba. Hausarta irin tamu ce ta yamma, in tana ciniki a kasuwa ka juya baya sai ka rantse 'yar bakin gulbi ce.

Daga bakinta na san tarihin sashen, don kuwa ita ce ta gina shi. Ta ce da farko darasi ɗaya ne rak, na Turancin da ake koya wa kowane ɗalibi ko me yake karantawa. Ta yi ta zarya ofishin shugaban kwaleji har aka yarda a buɗe kwas na Turanci haɗe da Hausa. Iyaye suka ƙi turo 'ya'yansu mata, sai ta nemi a haɗa Turanci da ilimin addinin Musulunci, nan take ajin ya cika da hijabai. Daga baya aka ƙara ajin share fage, don waɗanda sakamakonsu na sakandare bai yi kyau ba. Na ƙarshe shi ne karatun ƙarshen mako, wanda aka buɗe lokacin da aka fara cewa duk malamin firamaren da ba shi da takardar shaidar malanta za a sallame shi. Burinta kafin ta yi ritaya shi ne ta ga kwas na Turanci zalla, da ɗakin na'urorin koyon furuci. Har wurin da za a gina ɗakin ta nuna mini, wani fili bayan ofis inda ake ɗaure awaki.

Na fara aiki a shekarar da aka gano gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duk da gawarwakin da aka binne, haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Ajin share fage shi ne ya fara mutuwa a hannuna. Samari su yi rajista, su zo sati biyu, sai kujerunsu su zauna babu kowa. Na taɓa gamuwa da wani daga cikinsu ranar kasuwar Bukkuyum, bisa sabon babur, farcensa duk jar ƙasa. Na tambaye shi yaushe zai dawo aji.

Ya sauka ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, in na gama karatun nan, awa kai zan zama ko?"

Na ce, "In Allah ya yarda."

Ya dubi tsohon kekena, ya sunkuyar da kai. Shekarar da ta biyo aka daina ɗaukar 'yan share fage.

Ajin ƙarshen mako ne ya riƙe mu. Manyan mutane ne, masu iyali, malaman firamare na ƙauyuka. Suna isowa ranar Juma'a da yamma, su kwana a barandar masallacin kwaleji, Lahadi bayan azahar su kama hanya. A cikinsu akwai wani hedimasta daga wani ƙauye can bayan Bukkuyum, sa'an mahaifina, mai furfura a gemu. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa yarda ya kira ni da wani abu ba sai Malam. Rubutunsa kyakkyawa ne, nahawunsa ba laifi, amma darasin furuci ya ƙi shi. Akwai sautin da ake sa harshe tsakanin haƙora, sai da muka yi zango guda muna fama.

Wata rana ya ce, "Malam, haƙoran ma da za a sa halshen tsakaninsu, biyu sun tahi. Mi za ni yi?"

Ajin ya fashe da dariya, har Madam ta leƙo daga ofis. Baba ya faɗi jarrabawar darasin sau biyu, ya sake zama, a na uku ya haye.

Cikin ƙa'idar kwas ɗin, dole malamin kwaleji ya je ya ga ɗalibi yana koyarwa a makaranta, ya ba shi maki. Karon farko da na je ƙauyen su Baba da kaka ne. Na hau mota zuwa Bukkuyum, daga nan ɗan acaba ya ratsa da ni ta cikin gonakin dawa. Makarantar cike take, wasu yaran a ƙasa, wasu a taga. Ya koyar da sunayen sassan jiki, yana taɓa hanci suna ihu da Turanci. Matarsa ta aiko mini da fura da nono mai sanyi a ƙwarya, da zan tafi ya ɗaura mini damin rake a bayan babur.

Kafin lokacin duba na biyu ya zo, an fara kore shanun yankin. Daga satar shanu aka koma shiga ƙauye da rana tsaka, aka koma tare hanya. Ɗalibanmu suka fara zuwa sati ɗaya su tsallake biyu. In na kira suna ba a amsa ba, sai wani ya ce an tashi garinsu, ko yana wurin zaman makoki, ko kuma a yi shiru kawai, ni ma in wuce zuwa suna na gaba. Wani abokin aikinmu da ke koyar da adabi, mutumin wata jiha, aka sauke shi daga mota a hanyar Anka. Ya daɗe a daji. Da aka sako shi bai ko dawo ɗaukar kayansa ba, ni na tattara littattafansa na aika masa. Sauran baƙin malamai biyu suka bi bayansa kafin ƙarshen zango. Sashen ya rage ni da Madam.

Shugaban kwaleji ya hana mu fita duba ɗalibai a ƙauyuka. Aka ce kowa ya nemi makaranta a cikin gari. Baba ya samu wata firamare a Gummi, sai dai rabin ajujuwanta 'yan gudun hijira ne ke kwana ciki. Ranar da na je, an tura tabarmi da tukwane gefe guda. Ya tsaya gaban allo cikin farar rigarsa mai guga. Wasu daga yaran da ke zaune 'yan ƙauyensu ne, waɗanda na gani a wancan zuwan, yanzu nan ne ɗakin kwanansu. Wata tsohuwa ba ta iya tashi ba, tana kwance a bayan aji har aka gama. Ya koyar da darasinsa tsaf, ya bi duk matakan da muka koya masa, na ba shi maki mai kyau.

A shekarar da ajinsu zai kammala ne wa'adin amincewar da aka yi wa kwasa-kwasanmu ya ƙare. Sai masu tantancewa sun zo sun ga malamai da littattafai da ajujuwa kafin a sabunta. Muka shafe ɗakunan da farar ƙasa. Madam ta kwaso littattafan gidanta kaf ta jera a kantar ofis. Muka roƙi malaman wata sakandare su zo su zauna a ofis ranar, don a ga mutane. Aka sa rana, aka yi girki, ba su zo ba. Aka sake sa wata. Daga baya muka ji sun ce ba za su bi hanyar ba, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Hukuncin ya iso ba tare da kowa ya taka ƙofarmu ba: sashe mai malamai biyu ba zai riƙe kwas ko ɗaya ba. A dakatar da ɗaukar ɗalibai, waɗanda suka gama kuma takardunsu su jira.

Madam ta karanta, ta cire tabarau ta ajiye.

Ta ce, "Ɗana, yarana na can gida sun kira ni jiya. Sun ce in ban taho ba, su za su zo su ɗauke ni. Ba ni son su biyo hanyag ga."

Na ce, "Madam, in kin tafi shi ke nan."

Ta ce, "Ko ina nan ma shi ke nan."

Ta tafi da sassafe cikin ayarin motocin da sojoji ke rakawa. Matan unguwarsu sun cika tasha suna kuka, Innata ma ta je da ƙullin daddawa. Littattafanta ta bar su a kantar ofis, ta ce nauyinsu ya yi mata yawa.

Ni na sa ido a jarrabawar ƙarshe ta 'yan ƙarshen mako, ni na duba takardun. Baba ya ci komai. Bayan nan duk ranar da ya samu hanya sai ya zo ofis, ya cire takalmi a ƙofa ko da na hana shi, ya zauna mu gaisa, mu yi maganar damina da ta mutanen da aka rasa. Sai zai tashi yake tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko takardun sun fito. In ce ana kan magana. Na rubuta masa shaidar cewa ya kammala, na buga hatimin sashe. Da aka zo tantance malaman firamare aka ce ba ita ake nema ba. Sunansa ya fita cikin waɗanda aka sallama.

Ɗalibai mata da suka rage aka rarraba su, masu haɗi da Hausa suka koma sashen Hausa, sauran suka koma na addini. Ajin lacca aka ba wa 'yan sintiri suna kwana. Ni aka mayar da ni ofishin jarrabawa.

Ganina na ƙarshe da Baba a Anka ne. Na je gaisuwar rasuwa, ina sauri in sami motar komawa kafin la'asar, don bayan nan babu direban da ke yarda ya tashi. Sai na ji an ce, "Malam!" Yana zaune a gindin wani ginin da ba a ƙarasa ba, inda mutanen ƙauyuka suka kafa buhuna suka yi ɗakuna. Ya rame ƙwarai. Ya ce garinsu babu kowa yanzu, makarantar ma an cire mata kwano. Babban ɗansa ya tafi ramin zinariya tun bara, ba su ji ɗuriyarsa ba. Matarsa ta leƙo ta gaishe ni, ta ba ni haƙuri cewa babu abin da za ta kawo mini.

Na jira ya tambaye ni maganar takarda, bai tambaya ba. Ni ne na kasa haƙuri na ce har yanzu ba mu fid da rai ba.

Ya ce, "Bari, Malam. Ko ta hito, wa zan koya ma?"

Ya tashi da kyar ya raka ni har bakin titi. Motar ta cika, aka matsa mini wuri a gaba. Direban ya ce kowa ya yi addu'a, muka shafa, ya tayar.